Tsutsa a Hancin Jakinmu

A shekarun fari rijiyar unguwarmu ta ƙafe, sai da aka koma ɗibar ruwa a wata tsohuwar rijiya can bakin hanyar Zakirai. Jakinmu ne ke ɗauko mana. Kullum da safe Baba zai ɗaura masa garewani su tafi, ni kuma in ɗauki jakata in nufi makaranta. Ƙawayena da gidajensu babu jaki duk sun daina zuwa aji, don su ne ke zuwa rijiya da tulu a ka.

Ni na fara lura jakin ba shi da lafiya, domin ni ke zuba masa dusa. Ya riƙa goga hanci a jikin turke har wurin ya yi sulɓi. Majina mai kauri tana zubo masa ta hanci ɗaya, in ya ja numfashi sai ka ji kamar ana busa kara. Wata rana ya yi atishawa, wani abu ya faɗo kusa da ƙafata. Tsutsa ce fara, gajera, mai ƙiba, jikinta da layi-layi na ƙananan ƙayoyi, tana motsi a cikin ƙasa. Na rufe ta da murfin kwano na tsaya, na rasa yadda zan faɗa. Ban saba fara yi wa Baba magana ba.

Da ya dawo daga masallaci sai kawai na ɗaga murfin. Ya durƙusa ya daɗe yana kallo.

"Ƙudan nan ne mai shiga hancin dabbobi," in ji shi. Ya juya wajen Inna. "In jakin nan ya kwanta, sai dai yarinyar nan ta riƙa zuwa rijiya. Babu yadda na iya."

Inna ta ci gaba da tankaɗe.

Washegari jakin ya ƙi cin dusa. Baba ya aro tulu ya ɗebo ruwan da kansa, amma na san ba zai jure ba ga aikin gona. A aji ban ji komai da Malam ya koyar ba, ina ta kallon benci inda ƙawayena suke zama da.

Maganin da aka sani shi ne garin taba, kuma a gidanmu Kaka ce kaɗai ke da shi, a batta cikin lalitarta. Da na dawo daga makaranta na tarar Baba yana roƙonta.

"Tabata? Jaki?" Ta dafe ƙirji. "Ni da nake lasa kamar gishiri? Ku kai wa 'yar boko ta karanta masa, ko ya warke."

Ta dube ni, ta ga idona ya ciko. Sai ta yi tsaki ta kwance lalitar.

"Ungo. Kada ku ƙarar, ja'irai."

Maƙwabcinmu ya riƙe kunnuwan jakin, Baba ya cika ɗan guntun gora da garin, ya hura masa a hanci. Jakin ya yi tsalle, ya kusa tuge turken, ya dinga atishawa ba ƙaƙƙautawa. Tsutsotsi suka riƙa faɗowa da jini-jini, kaji suna rububinsu. Daga nan ya tsaya, kai a ƙasa, ƙafafunsa na rawa. Har magariba bai taɓa abinci ba.

Da gari ya waye na sa kayan makaranta, na ɗaura zane a kansu, don ban san inda za a tura ni ba. Na leƙa turke, na ga kwanon dusar ya ragu. Baba ya shafa wuyan jakin, ya saurari numfashinsa, sannan ya ɗora masa akumari. Garewanin ma bai ɗaura duka ba.

"Ke, me kike jira?" in ji shi. "Za ki makara."

Na kwance zanen na miƙa wa Inna, na fita da gudu. Har na kai gindin kuka ina juyowa, ina kallon ko jakin zai tsaya a hanya.