Ƙahon da aka kafa mini a gwiwa

Salamu alaikum. Masu cewa na ɓuya, ba ɓuya na yi ba. Ƙafata ta dama na kusa rasawa.

A karar shanu ta Mai'adua wani bijimina ya ture ni, na faɗi kan gwiwa. Na tashi na karkaɗe rigata, har na sayar da shi.

Bayan kwana uku gwiwar ta kumbura.

Yayana Sale ya latsa ta ya ce, "Mataccen jini ne. A kira wanzami."

Haka muka taso muka ga ana yi. Wanzami ya tsaga, ya kafa ƙaho uku, baƙin jini ya fito, kowa ya yi hamdala.

Bayan mako zazzaɓi ya rufe ni. Gwiwar ta ɗau zafi, fatar tana sheƙi. Salla ta koma a zaune.

Hoton ƙashi a Daura bai nuna komai ba. Likita ya ce ƙashi lafiya, amma fuskarsa ba ta saki ba. Ya tura mu Kano yin hoton MRI, mai ganin nama da ruwan cikin gaɓa.

Aka karɓe agogona da zobe. Gado ya ja ni cikin na'urar, aka ce kada in motsa. Ƙara kamar injin niƙa. Wallahi makara na tuna, na yi ta salati.

Likitan Kano ya daɗe yana kallon hoton.

"Malam Iro, wa ya taɓa gwiwar nan?"

Na ce ba kowa. Ya dubi tsagar, ya dube ni.

"Farin nan ruwa ne. Na buguwa yakan janye da kansa. Naka ina tsoron cuta ta bi tsagar ta shiga. In ta ci ƙashi, maganar yanke ƙafa za mu yi."

Ya zuƙo ruwan da sirinji. Mugunya ce.

Yaya Sale ya sunkuyar da kai. "Ni na kira shi," ya ce.

Aka yi tiyata, aka wanke gaɓar, sai allurai ba iyaka. Shanuna biyu suka tafi.

Jiya goshina ya taɓa ƙasa a sujada. Kuka na yi.

Na gode wa Allah, da likitoci, da Yaya Sale da bai bar gefen gadona ba.

Don Allah, gaɓa in ta kumbura, kada a sa mata aska. A je asibiti, kuma a faɗa wa likita gaskiya.

Wanzamin ya zo gaishe ni da zabirarsa. Askin kai kawai na bari ya yi mini.