Awartakin da Ya Zama Bakin Shamuwa

Abin da kunnena ya fara kamawa ranar da aka sauke ni a ƙofar gidan kakana a Madarumfa, ƙarar ƙarfe ce iri biyu. A gaban gida, ƙarƙashin rumfar ƙira, masaba, babbar gudumar ƙira, na sauka a kan uwar maƙera da nauyi, tana hutawa tsakani kamar numfashin tsoho. Daga bayan gida kuma wani abu na ƙara kamar an yayyafa ruwa a tafasasshen mai. Na lura duk lokacin da ta baya ta tashi, sai ta gaba ta ƙara ƙarfi. Ina tsaye da ƙullin kayana da sababbin kaye, littattafan rubutu, guda biyu, ko ruwa ba a ba ni ba tukuna, amma na gane gidan nan ba lafiya.

Daga Gabi aka kawo ni don lakwal, wato makarantar boko, in shiga ajin farko na kolej, ƙaramar sakandare, ina da shekara goma sha biyu. Ni ba mai magana ba ce. In an tambaye ni, ƙasa nake kallo. To amma wanda ke kallon ƙasa yana ganin abubuwa da yawa, kuma ni ba na mantuwa.

Kakana, wanda muke kira Baba Tsoho, maƙeri ne ɗan maƙeri. Hauya, gatari, lauje, duk manoman yankin daga hannunsa suke saye. Farcen babban yatsansa na hagu a tsage yake gida biyu, kuma hannuwansa ba sa jin zafin da ke sa wani ihu. Mai ƙarar bayan gida kuwa Kawu ne, ƙanen mahaifiyata, autan kakata Iya. Cin rani ya tafi Nijeriya yana saurayi, ya daɗe, ya dawo da injin walda. Yana yin ƙofofi da tagogi, yana gyara amalanken jakuna. Wannan Baba Tsoho ya haƙura da shi, ko da yake cewa yake ba ƙira ba ce, liƙi ne. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne sauran aikin.

Da tarkacen ƙarfe Kawu ke haɗa siffofi. Na ga balbela da aka yi wa fuka-fukai da cokula, na ga masunci tsaye cikin jirginsa da taru na waya, na ga raƙumi mai tozon murfin fitila. Masu otel na zuwa daga Maraɗi su ba da aiki. Ma'aikata na zuwa su ce a yi musu wanda za su ba maigidansu da aka canza wa wurin aiki. Wasu kuma kyauta yake bayarwa, ga abokinsa masunci, ga mai fura. Wani ya karɓa yana dariya, wani ya janye hannu yana a'uziyya. A unguwarmu sunansu ɗaya ne: gumaka.

Uba da ɗa ba sa magana, don haka ina zuwa aka mai da ni 'yar aike. Baba Tsoho kan kira ni ya ce:

"Ke 'yar lakwal, je ki gaya ma mai gumakan can, amalanken liman ya karye. In ya gama halitta, ya duba shi."

In na kai saƙo, Kawu sai ya ɗaga baƙin gilashinsa zuwa goshi. "Ki ce ma sarkin maƙera an ji. A gaida masaba."

Ban taɓa isar da rabin ƙarshen ba.

Akwai saƙo guda da Baba Tsoho ya sa na maimaita sau biyu kafin in tafi. "Wutata daban, tashi daban. Ranar da ƙarfen maƙerata ya shiga wutarshi, ranar zai bar mini gida." Kawu bai yi dariya ba ranar. Ya ce, "To," ya sauke gilashi.

Da farko ban tsane shi ba. Abin da ya jawo, wata safiya ce da ya sa mini kyauta cikin jakar lakwal ban sani ba, wani ɗan tsuntsu da ya haɗa da tsohon buji, wato fulogin inji, da ƙusoshi biyu. Muna cikin aji na jawo kaye, ya faɗo a kan siminti, ya yi ƙara. Yarinyar da ke bayana ta miƙe.

"Mushe, ta zo da gunki!"

Mushen, wato malaminmu, ya tsawatar, amma suna ya riga ya zauna: 'yar gidan gumaka. A hutun safe aka daina miƙo mini moɗa. Wata ta tambaye ni, da fuskar tausayi kuwa, wai tunda mala'iku ba sa shiga gidanmu, wa ke rubuta mini lada? Da aka tashi ban bi hanyar gida ba. Na gangara bakin tabki, na wurga tsuntsun inda ruwa ya fi duhu. Da yamma Kawu ya tare ni yana murmushi. "Ɗiyata, tsuntsun ya tashi?" Na wuce shi. Tun daga ranar, in na ga hasken waldarsa na wasa a jikin katanga, ji nake kamar fuskata yake tona wa gari.

Yanzu sai in gaya muku labarin awartaki. Baba Tsoho na da awartakai da yawa na kama jan ƙarfe, amma akwai guda da ba a taɓawa. Na mahaifinsa ne. A naɗe yake cikin fata, a soke cikin rufin rumfa. Sau ɗaya a shekara ake sauko da shi: in damina ta matso, da shi ake kama hauyar farko, sannan a mai da shi. Kafin a yi haka ba a fara aikin damina. Sau ɗaya na gan shi, ranar da Baba Tsoho ya warware fatar don ya shafa masa mai. Na ga ƙusar da ta haɗa shi tana rawa. Na ga kuma tsaga uku a jikin mariƙinsa, ta tsakiya ta ɗan karkace. Alamar mai shi ce.

A ƙarshen bazara, wata azahar, iska ta taso daga gabas ta ɗauke rufin rumfar ɗungurungum, ta watsar da kara da kayan aiki har bakin katanga. Ƙusar ta fice, awartakin ya rabu biyu. Baba Tsoho ya tsinci rabi. Ɗaya rabin bai gani ba.

Ni Iya ta sa shara. Dama takan tara wa autanta gwangwanaye da karyayyun mariƙan bokiti a kwando, ta ba ni in kai masa a ɓoye. Ina jan kara a gindin katanga sai na ji nauyi a bakin tsintsiya. Wani dogon ƙarfe ne mai lanƙwasa, ƙasa ta rufe shi, bai yi kama da komai ba. Na goga da yatsa. Ɗaya, biyu mai karkata, uku.

Ba zan ce muku ban sani ba. Na tsaya da shi a hannu, ina jin muryar Baba Tsoho a gaban gida yana tambayar kowa. Taku ashirin ne tsakaninmu. Na tuna saƙon da na maimaita sau biyu. Na sa ƙarfen a ƙasan kwando, na rufe da gwangwanaye.

Lokacin Kawu na kan wata babbar shamuwa da wani mai otel ya ba shi aiki. Jikinta tankin moto ne, wato babur, ƙafafunta rodi, ta fi ni tsayi. Baki kawai ya rage. Ya zazzage kwandon, ya jujjuya, sai ya ɗago ƙarfen ya auna da kan tsuntsuwar.

"Allah ya yi miki albarka, ɗiyata. Kwana uku ina neman bakin nan."

Bai goge ƙasar ba. Ya yanka shi biyu, ya ɗora guntu bisa guntu, ya sauke gilashi. Na tsaya ina kallo har idona ya fara yaji.

Baba Tsoho ya yi kwana tara yana nema. Ya tankaɗe tokar murhu da rariyar Iya. Ya shiga gidajen maƙwabta yana zargin 'ya'yansu, har aka yi cacar baki da mutanen da suka shekara arba'in suna gaisawa. Shamuwa ta gaske ta sauka a kan bishiyar masallaci, hadari ya fara haɗuwa, manoma na zuwa daga Safo da jakunansu suna komawa hannu wofi, shi kuwa ya ƙi hura wuta. Ya rame. Da safe sai ya zauna da rabin awartakin a cinya yana shafawa.

A rana ta goma na kai masa ruwa, na durƙusa. Ina jin wannan ce doguwar magana ta farko da na yi a gidan ba tare da an aike ni ba.

"Baba Tsoho, ka duba bakin shamuwar Kawu."

Ya ajiye ruwan bai sha ba. Sannan ya miƙe, ya ratsa tsakar gida ba takalmi, Iya na bin sa da ludayi a hannu tana tambayar mi ya faru. Tun da Kawu ya kafa rumfarsa, tsohon bai taɓa taka wurin ba. Ya wuce raƙumi, ya wuce masunci, bai kalle su ba. Ya kai tsagaggen farcensa ƙarƙashin bakin tsuntsuwar, ya bi a hankali, ya tsaya.

"Na ubana ne wannan."

Kawu ya matso ya duba, ya ga tsagar uku. "Wallahi Baba ban gane shi ba."

"Ɗan maƙeri, jikan maƙeri, bai gane awartakin gidansu ba. Ina ka same shi?"

Kawu ya juyo ya dube ni. Ina bayan Iya, ina kallon yatsun ƙafata.

"Cikin tarkace na tsinta," in ji shi.

"Cire mini."

Ya kunna injin yanka. Tartsatsi ya tashi, kan shamuwar ya faɗi ƙasa, ya ɓamɓaro guntayen biyu. Sun gajarce, sun yi ƙuraje na walda, babu wutar da za ta mai da su awartaki. Baba Tsoho ya ɗauke su da zafinsu a tafin hannu.

"Kafin la'asar ta gobe, kada in ga ko ƙusarka a gidan nan."

"Malam, auta ne fa," Iya ta ce.

"In kina so ki bi shi."

Washegari aka ɗora kayansa a amalanke biyu. Shamuwar na kwance a sama ba kai, ƙafafunta sun leƙo ta baya. Matan unguwa sun fito ƙofa, wata na cewa alhamdulillahi da ƙarfi don Iya ta ji. Kawu ya zo wucewa ta kusa da ni, ya rage murya.

"Ke kin gane shi, ko? Ke da ba abin da ke wuce miki."

Ban ɗago ba. Ya jira kaɗan, ya tafi.

A lakwal ba a daina kirana 'yar gidan gumaka ba sai da na gama kolej.

Shekara shida ke nan. Yanzu ina ajin ƙarshe na lise, babbar sakandare, a Maraɗi. Manoma sun koma sayen hauyar masu walda saboda sauri, rumfar Baba Tsoho ba ta ganin wuta sai jefi-jefi. Yana kama hauyar farko da kowane awartaki ya samu, kuma ya daina cewa komai a kanta. A ƙofar otel-otel na birni ina ganin tsuntsayen ƙarfe, wasu na gane hannun da ya yi su, mutane na tsayawa ɗaukar hoto da waya, wasu har yau suna kau da kai. Na san layin da shagon Kawu yake a nan Maraɗi. Ina zagayawa ta wani.

Duk Sallah Kawu yana zuwa Madarumfa. Yakan tsaya a ƙofar zaure ya yi sallama sau uku. Baba Tsoho na ciki a kan buzunsa yana jan carbi, ba ya ko motsi. Daga nan Iya ta yafa zane ta je gidan maƙwabta, can take ganin ɗanta, kamar baƙo.

A hutun nan da ya wuce na gaya wa Baba Tsoho komai, tun daga tsintsiya har kwando. Na ɗauka zai dake ni. Bai taɓa ni ba.

"Kina kallo ina tankaɗe toka?"

"Ina kallo."

"Ke kika ɗauka, shi ya ƙona. Tashi ki ba ni wuri."

Kwana uku duk abin da na kai masa sai ya ture da bayan hannu, sai Iya ta sake ɗauka ta miƙa masa sannan ya ci. Ita kuwa ta daina kirana in taya ta tuƙin tuwo.

Ranar da zan koma Maraɗi, na ajiye jakata a ƙofar zaure na shiga. Bai ɗago ba. Na durƙusa nesa da buzun, inda ba zai ce na matsa masa ba, na tattaro duk muryar da nake da ita.

"Baba Tsoho, ban ce ka yafe mini ba. Ban ce ka mai da shi gida ba. Sallah saura sati biyu, kuma zai zo ya tsaya nan inda jakata take. Don Allah, in ya yi sallama, ka amsa."