Gwangwanin Ƙasa Daga Gonar Maƙwabci

Fenti ne ya fara ba ni haushi. A shekarun da muke ƙarƙashin Jihar Sakkwato ina koyar da labarin ƙasa a wata makarantar sakandare a Birnin Kebbi, sai aka ce kowace makaranta ta kai aikin hannu baje kolin da za a yi a Sakkwato. Ni kuma, da ɗan banzan son a yaba mini, na ce zan gina fadamar garinmu Argungu a kan falanki mai girman ƙyauren ɗaki, da tudunta da kwarinta da gulbinta.

Na ɗaura waya, na jiƙa tsofaffin jaridu da sitaci na tayar da tudu. Shinkafa na yi ta da igiyar rama da na tsefe na rina, giginya da kaba, jiragen masunta da ɓawon gyaɗa, jigon ban ruwa kuwa da tsinken ashana. Duk wannan ya zauna. Amma da na shafa fenti a matsayin ƙasa sai abin ya koma kamar allon talla. Baƙin fenti daban, baƙar laka daban, kuma duk ɗan fadama ya san haka. Na ce to, ƙasar gaske zan sa.

Ranar Asabar na shiga mota zuwa Argungu da gwangwanayen madara a jaka. Na ɗebi jar ƙasa a tudu, farin yashi a bakin gulbi, baƙar laka a gonar mahaifina. Daga nan na tsallaka kunya ɗaya na shiga fangalin albasar maƙwabcinmu, wani dattijo da suka yi shekara arba'in suna noma kafaɗa da kafaɗa da mahaifina. Ba ya nan, ni kuma ban ga abin neman izini a cikin gwangwanin ƙasa ɗaya ba. Na durƙusa, na murza ƙasar, na sansana, na cika gwangwani. Don kada su rikice mini, na rubuta sunan wurin a 'yar takarda, na ninke ta, na cusa cikin ƙasar, na ɗaure bakin da tsumma.

Ni da aka haifa a garin, ban tsaya na tambayi kaina yadda wannan zai kasance a idon mai kallo daga nesa ba. Ashe kuwa akwai masu kallo. Boko ya sa na manta abin da kowace tsohuwa ta sani: ba a ɗibar ƙasar gonar mutum a ɗaure da rubutu sai da wata manufa.

Na koma Birnin Kebbi na shanya ƙasar, na daka, na tankaɗe da rariya. Na narka ƙaro na shafa a falankin, na riƙa barbaɗa ta da yatsu. Lakar ta tsage sau biyu kafin na gane in haɗa ta da garin katako. Na ja fangali ɗaya-ɗaya da haƙoran matsefi. Wallahi ya yi kyau, ba na ɓoyewa. Malamai suna leƙowa suna cewa saura sauro kawai.

Sati uku bayan haka ƙanwata ta aiko mini da wasiƙa. Albasar maƙwabcinmu ta yi rawaya ta kwanta, ta mahaifina kuwa tana tsaye shar. Magana ta zagaya unguwa cewa tsohonmu ne ya turo ɗansa ɗan boko ya ɗaure gonar, don mai ita ya gaji ya sakar masa. Mahaifina, wanda ake kai wa ajiya da rabon gardama, yanzu in ya miƙa hannu a ƙofar masallaci sai a kama gyaran hula. Maƙwabcin ya daina amsa sallamarsa. Na ninke wasiƙar. Na aika cewa su biyun su zo su gani da idonsu, don na tabbata da sun ga aikin magana ta ƙare.

Suka zo ranar Laraba da hantsi, saura kwana uku a kai kaya Sakkwato. Mota ɗaya suka shigo, amma mahaifina ya riga maƙwabcin shiga ɗakin aikina da taku goma, ba mai kallon wani. Na gaishe su, na yaye zanen da na rufe falankin.

Dattijon ya daɗe yana kallo. Ya bi gulbin da ido, ya wuce giginyu biyu, ya tsaya cak. Ya nuna da yatsa.

"Wagga ita ta gonata?"

"Ita ce, Baba," na ce, har da ɗan murmushi.

Ya taɓa wurin, ya ji shi ƙandas kamar dutse. "Da mi ka kama ta?"

"Da ƙaro, Baba."

"Kai ka ɗauko gonata, ka aza ta nan, ka ɗaure ta har ta bushe." Muryarsa ba ta tashi ba. "To ƙaƙa albasata ba ta bushewa?"

Murmushin ya mutu a bakina. Kyan aikin da na dogara da shi, shi ne ya zama shaida a kanmu. Da na yi shi da fenti, ya fito a karkace, da dariya kawai zai yi. Raina ya ɓaci, na fara zuba masa bayanin cutar ganye da yawan ruwa, har ina ɗaga murya. Mahaifina ya kalle ni sau ɗaya, na haɗiye sauran.

"Ba karatu niz zo ba," in ji dattijon. "Hidda min ƙasata in mai da ta inda anka ɗauko ta."

Na ɗauki wuƙa. Fangalinsa a falankin bai fi tafin hannu ba. Zan iya kankare shi in miƙa masa, in cike gurbin kafin la'asar, ba wanda zai sani. Har na kafa bakin wuƙar sai mahaifina ya yi magana, karon farko tun shigowarsa.

"Tsaya. Ƙasatai ita ɗai ta wurin ga?"

Ban taɓa iya yi masa ƙarya yana kallona ba. Na ce a'a. Lakar ba ta ishe ni ba, sai na juye gwangwanin gonarmu da na gonarsa a rariya ɗaya, na barbaɗe fadamar gaba ɗaya da su. Babu inda tasa take ita kaɗai.

"Kankare ta duka," in ji mahaifina.

"Baba, wata biyu na yi..."

"Duka."

Na kankare. Shinkafar rama ta tuge, jigo ya karye, takardar da ke ƙarƙashi ta fito fili da rubutun jarida a jikinta. Ina yi hawaye na zubo mini, na takaici ne da na kunya, ban san wanda ya fi yawa ba. Na tara garin ƙasar a kwanon sha, ya kusa cika. Makarantarmu ba ta kai komai Sakkwato ba a shekarar.

Mahaifina ya karɓi kwanon da hannu biyu, ya juya wajen maƙwabcinsa.

"Malam, ka ji da kunnenka, tawa na ciki. In wani abu anka ɗaure, da ni anka ɗaure. Mu tahi. Ni za ni hwara zuba ta ga gonata gaban jama'a, abin da yar rage ka ɗauka."

Dattijon ya kalli falankin da ya koma kango, ya kalli kwanon, ya daɗe. Na san in ya juya ya fita a haka, sunan mahaifina ya tafi ke nan, kuma ni na zubar da shi.

Sai ya miƙa hannu.

"Kawo in riƙa maka, Malam. Hannunka na rawa, kar ta zube."

Sai a lokacin na kalli hannun mahaifina. Rawa yake yi sosai, har ƙasar tana zuba kan takalminsa.