Zarton da Dabino Ya Ci

Duk wanda ya taɓa bi ta bakin titin Jadid da sassafe ya san yadda masu neman aiki ke tallan kansu a Sabha ta ƙasar Libiya. Ba a cika magana ba. Mai fenti ya ajiye burushi a gabansa, mai fasa kankare ya kafa guduma, mai gini ya jingina cokalinsa da bulo. Mota ta rage gudu, mai ita ya dubi kayan aiki, ya nuna da yatsa. Wanda ba shi da komai a gabansa kuwa ƙarfinsa yake sayarwa, kuma da ido ake auna shi. Shekara uku Yahuza ya yi a layin marasa komai. Da farko ana ɗaukarsa. Da furfura ta cika masa gemu, sai yatsan ya riƙa tsallake shi yana sauka a kan na kusa da shi, har rana ta take, ya tattara ƙafafu ya koma ɗakin hayarsu a unguwar Mahdiya.

Abin takaicin, Yahuza mai sana'a ne. Mutumin wani ƙauye ne kusa da Madarunfa, kuma shekara goma sha tara ya yi yana riƙe injin zarto, yana kayar da kirya da maɗaci yana tsaga su katako. Sai dai zarton ba nasa ba ne, na wani dattijo ne da ya koya masa aikin. Da dattijon ya rasu, magada suka sayar da injin tun kafin sadakar arba'in. Abin da Yahuza ya tsira da shi kanta ce a tafin hannu, da kunnen hagu da ba ya ji sosai, da dokokin maigidansa, waɗanda ya riƙe kamar karatun sallah. Babbar cikinsu ita ce kada ruwa ya taɓa zarto. Garin katakon da ke haɗuwa da mai ya manne a jikin inji, wannan a bar shi, shi ke tsare ƙarfe daga tsatsa. A goge sama-sama da tsumma, a wasa sarƙa, a rufe.

Burinsa ɗaya ne, kuma duk 'yan ɗakinsu sun haddace shi: ya mallaki zarto nasa na kansa, ya bar tsayuwar bakin titi, in ya tashi komawa gida ya koma da shi a kafaɗa.

A shagon Sallau ya gan shi. Sallau Bakano ne, mai gyaran janareta a Mahdiya, mutum mai yawan magana amma ba ya cuta. Cikin tarkacen da aka kwaso daga sito na wani kamfanin Turawa da ya daɗe da barin ƙasar injin ya zo masa. Ƙato ne, fentinsa ya koɗe, ƙarfen da sarƙa ke zagayawa ya kusa kai ƙirjin mutum in an tsayar da shi. Yahuza ya zo karɓar cajar waya ne, amma ya manta da ita. Ya tsuguna a gaban injin kamar wanda ya haɗu da ɗan garinsu.

Bai tambayi kuɗi ba tukuna. Ya buɗe tanki ya shinshina. Ya ari sifana ya kwance salansa, ya haska cikin ramin da fitilar waya yana juya injin a hankali, ya ga fistan sumul, babu ƙarzuwa ko ɗaya. Sannan ya yi gwajin da ya fi yarda da shi. Ya kama igiyar tayarwa ya ɗaga injin da ita, ya bar shi yana rataye. Injin da ya gaji sulalewa yake yi ƙasa. Wannan ya tsaya cak, ya sauka kaɗan, ya sake tsayawa. Yahuza ya ƙwanƙwasa jikinsa da ɗan yatsa, gaba da baya, yana kasa kunnensa mai ji.

Sallau ya ce, "Malam Yahuza, ni fa ba na son abin da zai ɓata zumunci. Injin nan ya girmi babban ɗana. Masu yinsa ma sun daina. Ga na China can a shagon Balarabe, sabo fil a kwalinsa, kuma bai kai wannan tsada ba."

"Wancan na roba?" in ji Yahuza. "Ai bokiti ne aka sa ma sarƙa. Wanga da kake gani, ƙarhe ne tun daga kai har ƙasa. Buji kaɗai, fulogi ke nan a wajenku, zan canza mishi."

"In wani abu ya karye a ciki fa?"

"Mi zai karye? Ba a yi shi don ya karye ba."

Abin da ya tara a shekara ukun nan, wanda ya yi niyyar hawa mota da shi ya je gida Sallah, shi ya juye wa Sallau. Da la'asar ya kira matarsa Ramatu ya gaya mata.

"Baban Munira," ta ce, "to zarton ne zai zo muna Sallah?"

"Ki yi haƙuri da bana. Baɗi ni da shi za mu taho tare."

"Allah shi kai mu," ta ce, muryarta ba daɗi.

Washegari ya ɗauko shi a kafaɗa har Jadid, ya dire shi a gabansa. 'Yan layi suka taru suna tsokana, wani ya ce amarya ta tare, wani ya ce a kawo mata kujera. Yahuza bai kula su ba. Ko rabin awa bai yi ba wata farar a-kori-kura ta tsaya, yatsa ya fito ta taga, kuma wannan karon a kansa ya sauka.

Mai motar Haj Hamed ne, tsohon direban sahara da ya ƙare ƙuruciyarsa tsakanin Agadas da Sabha, ya tsinci Hausar kasuwa a hanya. Yanzu ya zauna, yana da gonar dabino a hanyar Ubari. Gobara ta bi ta gefen gonar ta kashe masa itatuwa sittin, yana so a kayar da su a daddatsa, ya dasa sababbi.

"Usta," ya ce, "kai iya yanka dabino?"

Usta, wato gwanin sana'a. Tunda Yahuza ya shigo Libiya ba wanda ya taɓa kiransa da haka. Daɗi ya kama shi, ya gyaɗa kai.

Gaskiyar magana bai taɓa yanka dabino ba. A wajensa itace itace ne, wanda ya kayar da kirya kuma me zai ji tsoro? Ja uku injin ya tashi, da wata murya mai kauri da ta kori tattabarun gonar gaba ɗaya. Ya shiga kututturen farko kamar wuƙa a kabewa. Amma abin da ya fito ba garin katako ba ne. Dabino ba shi da katako, zare ne cunkushe, kuma ko wanda wuta ta babbake ta waje cikinsa a jiƙe yake. Wata dusa mai danshi da ɗan tsami ta riƙa fita, tana cusuwa ƙarƙashin murfin sarƙa, tana bin kowane lungu na injin tana zama. Yashin da ke maƙale a ɓawon yana dakushe sarƙa, sai ya zauna ya wasa ta sau huɗu a wuni. Duk da haka kafin la'asar itace biyar na kwance.

Da za su tashi, Haj Hamed ya jawo tiyon ban ruwa ya miƙo masa.

"Usta, wanke shi. Buɗe, wanke ciki. Ruwan dabino ba kyau, yana ci ƙarfe."

Yahuza ya yi murmushin da ake yi wa babba in ya yi maganar da ba fanninsa ba. "Haj, ba a sa ma zarto ruwa. Hakanan aka koya muna."

"Ni gani da ido. Wanke."

"In sha Allahu," in ji Yahuza, ya goge saman injin da tsumma ya sa a buhu.

Wannan in sha Allahun kowa ya san irinta. Kuma kada a yi saurin zaginsa. Mutum ne da duk abin da ya mallaka a duniya ilimin hannunsa ne, ga shi shekara uku ana nuna masa cewa ba shi da amfani. Ranar farko da aka kira shi usta, a ranar ne kuma direban mota zai koya masa riƙon zarto? Sau uku Haj Hamed ya sake miƙo tiyon a kwanakin da suka biyo, daga nan ya gaji ya bari.

Sati biyu ya yi yana aikin, ya kayar da arba'in. Su ne kwanakin da ya fi jin daɗinsu a Sabha. Ya sayi nama ya kai ɗaki, ya aika wa Ramatu hotonsa da injin a kafaɗa. Sai azumi ya kama, cikin zafin da ko tsayuwa wahala ce, balle ɗaukar wannan ƙaton da baki a bushe. Haj Hamed ya ce a bari sai bayan Sallah, ga sauran ashirin, ga maƙwabtansa biyu ma suna jira. Yahuza ya juye fetur ɗin tankin, ya shafa wa sarƙa mai, ya naɗe injin da bargonsa ɗaya tilo, ya sa a buhu ya ɗaure, ya tura ƙarƙashin gado. Dusar dabinon tana ciki yadda take, da danshinta, a wurin da iska ba ta shiga. Wata guda cur yana kwana a kan zartonsa da kwanciyar hankali.

Kwana uku bayan Sallah, da hantsi, ya jawo buhun. Bargon ya jiƙe da mai. Ya kwance murfin sarƙa, dusar ta zubo a dunƙule, ƙarƙashinta kuma wani farin gari ne kamar kanwa ya lulluɓe ƙarfen. Ya sa babban yatsa ya goge. Yatsan ya burma ciki.

Sannan ya sake gogewa a wani wurin, a hankali, nan ma ƙarfen ya marmashe. Ramuka ne ƙanana da manya tun daga tankin mai har cikin cikin injin. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba ko ranar da motarsu ta ɓace a sahara, a hanyar Dirku, lokacin tahowarsa.

Da ya kai shi shago, Sallau ya juya injin a kan tebur ya yi salati. Suka ɗauka tare zuwa wurin mai walda a bayan layin. Mai waldan ya ɓalli ɗan guntu, ya ajiye a ƙasa, ya kai masa wuta. Guntun ya kama da wani farin haske mai kashe ido, ya ƙone ƙurmus.

"Ka gani," in ji Sallau. "Ba baƙin ƙarfe ba ne, wani ƙarfe ne mara nauyi, shi ya sa mutum ɗaya ke iya ɗaga inji kamar wannan. Ba ya karɓar waldarmu. Kuma ashe tsamin dabino ne maganinsa."

"To a liƙe," in ji Yahuza.

Suka liƙe da gam mai haɗi biyu, suka bar shi kwana biyu ya bushe. Injin ya tashi, ya yi ta ihu shi kaɗai yana zuƙar iska ta inda ba a gani, bai cika minti biyu ba ya mutu. Sallau ya kira wani a Tarabulus, ya kira ƙaninsa a Kano ya zaga 'yan kayan inji. Kowa ya ga hoton sai ya ce rabonsa da irin wannan tun yana yaro. Babu wanda za a kai ƙara, babu wanda za a yi wa faɗa. Yahuza ya so a ce Sallau ya cuce shi, ko ɓarawo ya ɗauke, da ya sami inda zai ajiye baƙin cikinsa. Ramatu ta kira sau biyu, ya ce mata aiki na tafiya.

Ya koma Jadid. Kuma da injin ya koma, ya goge shi tas, don ya kasa tsayawa hannu rabbana a layin da ya yi ban kwana da shi. Motoci suna tsayawa saboda girman injin. A tambaye shi ko injin yana aiki, ya ce a'a, a wuce. Ƙarya ba ta cikin abin da aka koya masa.

A rana ta huɗu farar a-kori-kurar ta tsaya. Haj Hamed ya sauko da kansa, ya duƙa ya leƙa ramukan. Bai ce ai na gaya maka ba, kuma da ya faɗa da ya fi sauƙi.

"Malesh," ya ce kawai, wato a yi haƙuri.

Ya ɗaga kai ya dubi layin. Can gefe akwai wani mutumin garin Tawa, Naziru, magidanci kamar Yahuza, da ɗan zartonsa na roba mai ruwan lemo wanda bai fi wata biyu da saye ba. Haj Hamed ya nuna shi. Har ya buɗe ƙofar mota sai ya waiwayo.

"Yahuza, kai zo. Ɗauki gungume, kai bakin hanya."

Yahuza ya hau baya, da injinsa a kan cinya, don ba shi da inda zai bar shi. Wuni guda yana jan gumagumai a cikin yashi, yana jin kukan ɗan zarton Naziru, siriri kamar na sauro, yana cin itatuwa ashirin ɗin da suka rage ɗaya bayan ɗaya. Naziru bai iya wasa sarƙa ba, Yahuza ya karɓa ya wasa masa sau biyu ba tare da an roƙe shi ba.

Da la'asar Haj Hamed ya jawo tiyo. Naziru ya tafi alwala, sai Haj Hamed ya miƙa wa wanda ke kusa. Yahuza ya karɓa. Ya tsuguna, ya kwance murfin zarton robar, ya sa tsinke ya ƙwaƙulo dusar, ya bi da ruwa lungu-lungu har sai da ya fito fari. Ya shanya shi a kan buhu, ya shafa wa sarƙar mai. Nasa yana bayan mota, a bushe, ruwa bai taɓa shi ba ko sau ɗaya.