Tulun Goggo a Bango

Jiya na ga farar ƙasa a kasuwar Salaga, raina ya ɓaci. Tun ina yarinya, goggona mai koko ta zana tulunta a bangon ɗakinta da gawayi da shuni, har da tsagin bakinsa. Ta kan riƙe haɓata, hannunta na ƙamshin kanumfari, ta ce, "Duba, 'yata. Shi ke shayar da mu, ba mai kallonsa."

Ta rasu shekarar da sojoji suka dawo daga yaƙin duniya a ƙasar Bama. Ko bakwai ba a yi ba, yayana ya shafe bangon da farar ƙasa. Wai ƙazanta ce. Shi da ya girma da kokonta!

Allah Ya jiƙanki, Goggo, Ya sanyaya min zuciya, don har yau ban yafe wa yayana ba.