Tsakuwa a Cikin Shinkafa

Yau da rana na tauna tsakuwa a shinkafar da na sayo, sai kakata ta faɗo mini a rai.

A Mabera nake zaune ni kaɗai, ina gina shafukan intanet. Akwai wata dabara a JavaScript, regex, wadda kake zayyana wa kwamfuta siffar abin da kake nema, ita kuma ta tsinto maka shi cikin tarin rubutu.

Wata la'asar a Kwalkwalawa na yi wa kakata wannan bayani. Tana zaune da faifai a cinya, yatsunta masu jan lalle suna yawo cikin shinkafa, ƙamshin man shanu yana tashi daga murhu.

"Maigidana, ashe sana'armu guda," ta ce tana dariya. "Amma naka faifan ba ya ciyar da kowa. Matso ka ci."

Har yau in regex ɗina ya yi daidai, nakan waiga in gaya mata, sai in ga bango.

Allah ya jiƙanta, ya tsince laifukanta ya zubar, kamar yadda take tsince mana tsakuwa.