Ƙwaya Mai Busar da Baki

Yayata ta daina dafa wake da shinkafa a shekarar da na fara karanta labarai da Hausa a gidan rediyo. Ta daɗe tana sayarwa a bakin titin Nima, kuma direbobi da 'yan dako sun san tukunyarta. Ba a yi mata rasuwa ba, ba ta yi faɗa da kowa ba. Wata safiya kawai ta kife tukunyar a tsakar gida, ta shiga ɗaki ta zauna a bakin gado. Ta daina wanka sai an matsa mata. In an kawo abinci ta dube shi har ya huce. In na tambaye ta inda yake mata ciwo sai ta dafa ƙirji ta ce, "Nan, Auta. Kamar an ɗora dutsen niƙa."

Gidanmu gidan haya ne mai ɗakuna da yawa, kuma kowane ɗaki da likitansa. Wasu suka ce abokiyar sana'a ce ta yi mata asiri. Wasu suka ce iska ce. Mijinta, direban babbar mota mai zuwa Kumasi, ya ce son jiki ne, ya kuma ƙara yawan kwanakin da yake yi a hanya. Ta sha rubutu, ta shaƙi hayaƙi, an shafa mata man da ko ƙuda ba ya son warinsa. Tukunya dai tana nan a kife.

Ana cikin haka shugabana a wurin aiki ya ce wani likita Bature yana neman tafinta. Likitan ya zo da sabon maganin irin wannan ciwo, yana so ya gwada shi. An ba shi ɗaki a wani ƙaramin asibiti a unguwar Maamobi, kowace Alhamis. Ranar da muka fara haɗuwa ya gaya mini, cikin fara'a, cewa malamansa sun koya masa baƙar fata ba ya kamuwa da wannan ciwo, domin tunaninsa ba ya yin nisa. Ni yake gaya wa. Ina jin ya ɗauka rigar kwat ɗin da na sa ta cire ni daga lissafi.

Ya nuna mini yadda gwajin yake. Ƙwayoyin iri biyu ne, amma kamarsu ɗaya. Ɗaya magani ce, ɗayar gari ce da sukari. Kowane maras lafiya ƙuri'a ce za ta zaɓa masa kwalba, kuma shi kansa likitan ba zai san wa ya samu me ba sai a ƙarshe, in ya buɗe wata ambulan da aka liƙe. Ya ce kada in fassara wa mutane wannan ɓangare, zai rikita su. A rediyo an hore mu kada mu zubar da kalma ko ɗaya daga abin da aka ba mu. A nan na zubar da rabin magana, ban ko yi tari ba, saboda ina son a sa sunan Yaya.

Aka sa ta. Mata huɗu daga gidanmu suka bi ta, don labarin maganin kyauta ya riga mu isa gida. Ɗaya daga cikinsu matar wani makaniki ce mai aiki a unguwar Abossey Okai. Ciwon baya ne ke damunta, amma duk tambayar da likita ya yi sai ta ce e. Ba ta barci? E. Tana kuka? E. Ya rubuta da murna.

Mai gidan da muke haya tsohuwa ce mai sayar da goro, kowa yana ce mata Mma. Hausarta ta zango ce, mace da namiji duk "shi" ne a bakinta, ta haɗa da yaren Tuwi in ta ga dama. Na daɗe ina raina Hausar nan a zuci. Kwana goma da fara shan magani na dawo daga aiki da la'asar, na tarar da ita a kan tabarma, kwalabe biyar a gabanta, matan sun kewaye ta.

"Mma, me ake yi haka?"

"Ɗan rediyo, zauna. Baturenka, macuci ne ko wawa?"

"Likita ne, Mma."

"Ban tambaye ka aikinsa ba. Maganin nan biyu ne. Wannan," ta ɗaga kwalbar matar makaniki, "yana busar da baki, ka sha ruwa kamar randa ta fashe, ka yi barci. Na tauna ɗaya, harshena ya mutu har azahar. Wannan kuma," ta ɗaga ta Yaya, "alewa ne. Jikana zai sha ya nemi ƙari."

Sirrin da aka liƙe a ambulan, aka buga masa hatimi, tsohuwa ta buɗe shi da haƙoranta huɗu.

Ta juye ƙwayoyin matar makaniki a kwalbar Yaya, ta juye na Yaya a ta matar makanikin. Matar makaniki ta ce ita ma ta huta, bakinta ya bushe har ba ta iya yi wa mijinta faɗa. Aka yi dariya. Yaya ba ta yi ba, tana kallon ƙasa.

Na ce, "Mma, wannan zai ɓata wa likita aikinsa."

"Tun da na gina gidan nan, magani in ya shigo, wanda ya fi ciwo shi yake sha. Ba a yin ƙuri'a. Aikin Bature kake ji, ko yayarka?"

Na san abin da zai faru in na kai rahoto. Zai soke sunayen matan gidanmu duka, ya karɓe kwalaben, Yaya ta koma ga hayaƙi. Ban kai rahoton ba, na kuma gaya wa kaina cewa ni tafinta ne, abin da aka faɗa nake fassarawa, ba abin da na gani ba. Mutum mai ilimi ba ya rasa kyakkyawan suna ga tsoronsa.

Mako biyu babu abin da ya canja sai ƙishirwa. A mako na uku na fito da safe na ga Yaya ta yi wanka ba tare da an ce ta yi ba. Ta dube ni ta ce, "Auta, wuyan nan naka kamar na zakaran da aka fige. A rediyon ba sa ba ku abinci?" Ban taɓa jin daɗin zagi kamar ranar ba. Bayan kwana biyu ta aika kasuwa a sayo karan dafi, wanda ke sa shinkafar ta yi ja. Ta tayar da tukunya, ta kankare ta da toka. Direbobi suka dawo layi.

Kowace Alhamis likita yana ƙirga ƙwayoyin da suka rage a kowace kwalba, ya tabbatar an sha daidai. Kullum daidai yake samu, domin Mma ta riga shi ƙirgawa da tsinke. Ya ce mini bai taɓa ganin marasa lafiya masu biyayya irin waɗannan ba. Na fassara wa matan, suka yi masa godiya sosai.

Ranar buɗe ambulan ya sa taye. Ya bi sunaye da fensir, yana haɗa su da abin da ya rubuta. Da ya zo kan Yaya, wadda ke zaune a kan benci da sabon ɗankwali, sai ya buga teburi.

"Ka gani! Yayarka ce ta fi kowa samun sauƙi, kuma sukari take sha. Waccan mai shan maganin gaske, har yau tana cewa e ga komai." Ya ce abin da ya zata ne tun farko: mutanenmu ba su da ciwon, kulawa kawai suke so, a tambaye su lafiya, a ba su kwalba. Ya ce in gaya wa Yaya ba ta bukatar komai, ta ci gaba da aikinta.

Nan na faɗa masa gaskiya, da Turancin da na fi iyawa, dalla-dalla kamar ina karanta labarai. Ya yi ja har kunnuwa. Ya tambaye ni tun yaushe. Ya tambaye ni mutum nawa. Ya ce na lalata masa aikin watanni, kuma bai san abin da zai rubuta wa waɗanda suka aiko shi ba. Ina jira ya lura da abin da ke zaune a gabansa, wato mace da ta tashi daga bakin gado saboda maganin da ya ɗauko daga ƙasarsa. Bai dube ta ba. Takardunsa yake dubawa.

Na roƙe shi ya bar mana sauran ƙwayoyin masu ƙarfi. Ya ce ba nasa ba ne, na kamfanin da ya ba shi ne, kuma dole ya mayar da su a ƙirge. Ya rubuta mini sunan maganin a guntun takarda. Daga baya na zaga da takardar nan kantunan magani daga unguwar Lagos Town har cikin gari, ana juya ta ana miƙo mini, babu mai maganin.

Yaya ta taɓa hannun rigata. "Auta, me yake ta faɗa? Ya ga na yi ƙiba?"

"Ya ce magani ya ƙare, Yaya."

"To. Sai wace Alhamis ɗin?"

Wannan tambayar ban fassara masa ba.

Mma ta ɓoye 'yan ƙwayoyi a ƙullin bakin zanenta, ban san yadda ta yi da ƙirgar likita ba. Ta riƙa raba kowace ƙwaya gida biyu da wuƙar goro, tana ba Yaya rabi-rabi. Suka kai mu wasu makonni. Yaya ta ci gaba da sana'a har bayan babbar salla. Sai ta fara makara. Sai ta fara barin wake ya ƙone. Wata Talata na fito zan tafi aiki, na ga tukunya a kife a inda take a da.

Mma tana zaune a ƙofar ɗakinta tana jera goro a kan ganye. Ba ta ɗago ba.

"Ɗan rediyo, ai ka gaya wa Baturenka gaskiya. Me ya ba ka?"

Na ciro guntun takardar daga aljihu na nuna mata. Ta karɓa, ta juya gaba da baya, ta shinshina, ta naɗe mini goro ɗaya a ciki ta miƙo.